Ranar da Baffa Isuhu ya riƙe wa dattawan tasha tuwo

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Baffa Isuhu, wan mahaifina, wanda duk unguwar Dilimi a Jos ta sani da Isuhu Kuku. Har yau in na ɗaura farin ƙyallen aiki da safe, sai in ji kamar yana tsaye a bayana yana duba ko na yanke farce. Na so in rubuta masa irin tunawar da ake yi wa manya, mai sa a share hawaye, amma duk inda na taɓo a rayuwarsa dariya nake tararwa. Ku yi haƙuri da ni, haka mutumin yake.

Tun yana saurayi ya shiga aikin kuku a gidajen Turawan haƙar kuza a Rayfield, bai bari ba sai da suka tattara nasu-ya-nasu suka tafi. Sun bar masa farar riga mai maɓallan tagulla, da 'yan cokula, da wata aƙida ta cin abinci da ba ta da mabiyi ko ɗaya a unguwarmu. A wurin Baffa abinci hawa-hawa ne. A fara kawo miya ita kaɗai a sha da cokali, a kwashe kwanuka, sannan nama da dankali su fito, a sake kwashewa, sannan kayan zaƙi. Duk wanda ya haɗa biyu a kwano ɗaya, Baffa kallon mai buƙatar addu'a yake yi masa. Amma fa a cikin gidansa bai taɓa taka madafi ba, domin a cewarsa wancan aiki ne, wannan kuwa gida ne, kuma madafin gida na mata ne. Matarsa Inna Hajara takan ce ta auri kuku, amma ko ruwan zafinsa ba ta taɓa sha ba.

Da na gama sakandare na ce ina so in yi kwas ɗin girki da kula da otal a kwalejin fasaha. Mahaifina, Malam Haruna, direban bas ne tsakanin Jos da Bukuru, ya riga ya gama tsara cewa zan fara da kwandasta in gaji sitiyari. Da na faɗa masa, sai da ya ajiye kofin shayinsa ya ƙare mini kallo.

“Makaranta za ka je a koya maka dafa shinkafa? Uwarka wace jami'a ta je?”

Na san ba shinkafar ce ta dame shi ba. Tasha yake tsoro. Mutanen tasha in suka sami abin tsokana ba sa saki, kuma Baba ya riga ya jiyo su a kunnensa suna cewa ɗan Haruna ya zama mai tuwo-tuwo. Baffa ne kaɗai ya tsaya mini. A matsayinsa na wa yana iya ba da umarni kawai, amma ya ce ba ya son a bar ni in tafi da fushin uba a kaina. Sai suka ƙulla yarjejeniya: Baba zai gayyato dattawan tasha cin abinci, ni zan dafa. In sun ci sun yaba, in tafi makaranta. In kuwa aka yi masa dariya a zaurensa, in rataya a ƙofar bas ina kiran Bukuru, kuma kada a sake tada maganar.

A kangon bayan gida muka kafa makarantarmu, tunda madafi ya haramta gare mu. Baffa ya sa aka yanka tsohon durom aka zuba yashi a ƙasansa, ya zama abin gashi. Shi ba ya taɓa tukunya, yana zaune a kujera da sandarsa, da ita yake nuni, da ita kuma yake gyara kuskure. Na yanka albasa har idona ya daina kawo ruwa. Ya tsara abin da za a ci: miyar kabewa da aka tace ta yi sumul, gasassun kaji, dakakken dankalin Turawa da madara da man shanu, sai kastad a ƙarshe. Na yi ƙarfin hali na ce, “Baffa, anya mutanen nan za su gane tsarin nan kuwa?”

“Nasiru, na ciyar da manajojin kamfani babu wanda ya taɓa ɓata. Direbobi ne za su gagare ni?”

Ranar ta zo, bayan azahar dattawa suka cika zaure, shugaban tasha Alhaji Bala a tsakiya. Baffa ya fito da farar rigarsa daga adaka ya saka, maɓallan tsakiya suka ƙi haɗuwa saboda tumbi, ya tsaya bayan labule kamar mai tsaron banki. Na ajiye wa kowa ɗan kwanon miya da cokali a gefe, na ja da baya. Dattawa suka leƙa kwanuka. Abin da ni da Baffa ba mu lissafa ba shi ne miyar kabewa, a idon Bahaushe, taushe ce, kuma babu mai hankalin da zai kama shan taushe da cokali a gaban jama'a. Sai suka wanke hannu, suka naɗe hannun riga, suka gyara zama suna jiran tuwo.

Baƙo kuwa ba ya tambayar abinci a gidan mutane, ko da yunwa za ta kashe shi. Suka shiga hira. Aka yi ta tsadar taya, aka yi ta layin mai, aka zagi 'yan acaɓa son rai. Kowa yana magana amma ido yana kan labule. Na koma ciki na raɗa wa Baffa cewa ba su taɓa ba.

“Su sha,” ya ce. “Ba a fitar da na biyu sai an kwashe na farko.”

“Tuwo suke jira, Baffa.”

“To ni ma jiransu nake.”

Haka aka yi cirko-cirko, dattawa a waje suna jiran Baffa, Baffa a ciki yana jiran dattawa, miya a tsakani tana hucewa har ta yi fata a sama. Na dubi Baba na ga gumi yana bin gefen hularsa, a sanyin Jos. Can sai Oga Gyang bakanike, wanda duk tasha ta san ba ya iya riƙe magana, ya yi gyaran murya.

“Oga Haruna, abeg, wannan miya shi kaɗai ya zo ne, ko ɗan'uwansa yana hanya?”

Wani ya toshe baki da hannun riga, kafaɗun Alhaji Bala suka fara rawa. Dariyar da Baba yake gudu ce ta taso, saura ƙiris ta fashe, kuma in ta fashe makarantata ta tafi. Na ruga kango, na fizgo babban tiren Inna Hajara, na mulmula dankalin nan malmala-malmala, na jera kaji a gefe, na ɗora kwanon kastad a tsakiya, duk a tashi ɗaya. Baffa ya tare ƙofa da sanda.

“Ajiye. Za ka ɓata mini tsari.”

“Baffa, yunwa suke ji.”

Na sunkuya na bi ta ƙarƙashin sandar. Ban taɓa tsallake maganarsa ba sai ranar, kuma shi kaɗai ne mai goyon bayana a gidan. Na shiga zaure na dire tiren a gaban dattawa.

“Alhamdu lillahi,” in ji Alhaji Bala, “tuwo ya iso.”

Aka ture cokula gefe, hannuwa suka sauka. Suka gutsuri dankali suna dangwala a miyar da Baffa ya sa na tace da ƙyalle, suka yagi kaji, kastad kuma aka zagaya da shi ana kurɓa kamar koko, har wani yana cewa da da ƙosai da abin ya cika. Alhaji Bala ya tambaya tuwon mene ne wannan mai laushi haka. Da na ce dankali ne sai ya riƙe baki, wai dankalin da suke lodawa a saman bas kullum ashe haka yake. Ya suɗe yatsu ya ce a ƙaro, sannan ya juya wurin Baba.

“Haruna, in ka sa yaron nan kiran fasinja ka cuce mu. Direba ko'ina akwai.”

Baƙi suka watse, aka bar ni da Baba. Yana naɗe tabarma, bai ko dube ni ba, ya ce, “Yaushe ake fara karatun naku?” Baffa kuwa ya ɗauke mini wuta. In na gaishe shi sai ya amsa wa bango. Sai ranar da zan tafi ya aiko Inna Hajara da farar rigar nan a ninke, da saƙon cewa in riƙa wanke ta da ruwan sanyi.

Yau ni nake shugabantar madafin wani otal a Rayfield, ba nisa da gidajen da ya yi wa aiki, kuma sau da yawa nakan tambayi kaina me zai ce in ya leƙo. Na tabbata zai ji daɗin ganin abin da ya koya da ranƙwashi a bayan gidan Bature ya zama karatu mai takardar shaida. Samari da 'yan mata suna zuwa wurina sanin makamar aiki daga makarantu. Wasu su zarce otal, wasu kamfanonin lemo da biskit, wasu gidajen burodi, wasu kuma su kama girkin biki da wayar salula ɗaya da tukwanen haya, su fi mu masu albashi samu. Iyaye maza ba su daina zuwa suna tambayata a asirce ko wannan aikin namiji ne ba, ni kuma nakan zaunar da su in ba su abinci tukuna. Amma murnar Baffa ba za ta daɗe ba. Zai ga mutum a bayan acaɓa yana cin mitfai, gasasshen fulawan nan mai nama a ciki, daga leda. Zai shiga zauren otal ya tarar an jera komai a tebur ɗaya kowa yana ɗibar wa kansa, shinkafa kan kabeji, kankana kan kaza, kuma manyan mutane ne da manyan riguna. Zai nemi wanda ya ba da wannan izini, a nuna masa ni.

A ciwonsa na ƙarshe abinci ya daina shiga sosai. Na ce bari in faranta masa. Na dafa miyar kabewa daidai yadda ya koya mini, na tace ta sau biyu, na kawo ta da zafinta. Na shimfiɗa farin ƙyalle a gabansa, na ajiye kwano, cokali a dama, na ja da baya na tsaya hannu a baya kamar yadda yake so. Inna Hajara ta tallafe shi ya zauna. Ya dubi miyar, ya sunsuna, ya gyaɗa kai. Sannan ya zuba wa ƙofa ido. Ina jira ya ɗauki cokali, shi kuma ban san me yake jira ba, har dai ya gaji.

“Nasiru,” ya ce, “ina tuwon?”

Inna Hajara ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, daga nan dariyar ta koma kuka. Ta tashi ta kawo malmalar tuwon masara, Baffa ya ture cokalin gefe da bayan hannu, ya ci loma huɗu ko biyar, ya ce gishiri ya yi daidai. Wannan ne yabo na farko da ya taɓa yi mini, kuma girkina na ƙarshe da ya ci.

Tsarinsa na hawa-hawa bai rayu ba, ko a madafina sai in baƙo ya nema. Rigar tana nan, ta yi mini yawa a da, yanzu ni ma maɓallan tsakiya sun fara gardama. Abin da ya rage nasa da gaske shi ne hannun da ya gyara da sanda, da tsayawar da ya yi wa yaron da kowa ke shirin yi wa dariya. Duk ɗalibin da ya zo wurina nakan koya masa tace miya irin ta Baffa, sannan in tura shi bakin labule ya leƙa fuskar masu ci kafin ya fitar da komai. Ina kewarsa ƙwarai. Allah Ya jiƙan Baffa Isuhu, Ya yalwata masa kabari, Ya ciyar da shi abincin Aljanna, miya da tuwonta a tare.