Minti Ashirin a Tashar Kafanchan

Duk ƙauyen Madakiya an san marigayi Kumai da abu biyu: garma, da Dogo Mai Gwangwani. Dogon nan ɗan wasan barkwanci ne da sunansa ya cika Arewa a lokacin, yakan hau dandali da gwangwanaye ɗaure a ƙafa ya sa mutane dariya har da hawaye. Kumai bai taɓa ganinsa ba, a rediyo kawai yake jin sa, amma ya haddace wasanninsa kaf, har da gyaran muryar da yake yi kafin ya fara. Matarsa Afiniki takan ce da Dogo zai nemi akuyarsu, da tuni an kai masa da igiyarta.

Amininsa Silvanus ma'aikaci ne a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. Kumai ba ya gajiya da ce masa, "Ɗan'uwa, ranar da jirgi ya kawo mutumin nan, ka aiko mini. Hannu kawai zan ba shi."

A daminar 1975 wani abokin aiki ya gaya wa Silvanus cewa Dogo zai wuce zuwa Jos a jirgi ranar Asabar, kuma jirgin zai tsaya minti ashirin a tasharsu. Asabar ɗin kuwa ita ce ranar gayyar noma a gonar Silvanus. An gayyaci mutum talatin, mata sun dafa burkutu. Gayya kuma ba ta tafiya sai da Kumai, don shi ke shiga gaba yana kwaikwayon Dogo, maza na bin sa da dariya har su manta da gajiya. In ya tafi tasha, rabinsu za su bi shi.

Silvanus ya ɓoye wa Kumai labarin. Ai Dogo zai sake wucewa, haka ya ce wa kansa. Son kai ne tsagwaronsa, kuma ya sani. Aka gama huɗa tun kafin la'asar, ranar ma Kumai ya fi kullum ba da dariya.

Bayan kwana uku, a kasuwa, wani ya ce ya ga Dogo a tasha, ya sauko yana gaisawa da kowa. Kumai ya ja tsaki.

"Ƙarya ne! Ɗan'uwana yana aiki a tasha. Da ya wuce, ni zai fara gaya wa. Ko ba haka ba, Silba?"

Silvanus ya ce, "Haka ne."

Dogo bai sake biyowa ta nan ba. Silvanus ya shekara biyu yana neman ranar da zai faɗi gaskiya, kullum sai kunya ta hana shi, har maciji ya sari Kumai a gona. Abin da ya fi ci wa Silvanus rai shi ne, har Kumai ya koma ga Ubangiji, faɗa yake yi da duk wanda ya ce Dogo ya taɓa taka Kafanchan.