Ku kuka haife ta, mu muka goya ta

Jiya a titin 125th da ke Harlem, a teburin wani mai sayar da tsofaffin fayafayai, hannuna da na wani dattijo Ba'indiye suka sauka kan faifan garmaho guda. Irin ƙaramin nan ne, waƙa ɗaya a kowane gefe, daga wani tsohon fim ɗin Indiya na barkwanci da muka yi ta kallo a silima a Kumasi har bencina suka san mu.

Ya ja, na ja. Mai teburin ya ɗora faifan a na'urarsa, ya ce wanda ya fi iya rerawa shi zai saya.

Dattijon ya fara da yarensu, tsaf. Ni ko kalma ɗaya ban sani ba. Amma mu yaran Zango tuni muka yi wa waƙar baitinmu na Hausa, kan wani marowaci da ya ɓoye ƙosai mai zafi a cikin hularsa. Na saki murya a tsakiyar Harlem, har da rawar kafaɗa.

Ya dakatar da ni, ya ce, "Ai ba haka waƙar take ba!"

Na ce, "Baba, ku kuka haife ta, mu muka goya ta."

Da na fassara masa zancen ƙosan, sai da ya cire tabarau don dariya. Ya ce, "Jikokina ko saurarenta ba sa yi. Ɗauka."

Yanzu faifan yana falona a Bronx. Garmaho kam ba ni da shi, kuma ban damu ba, bakina ya isa.

Ku fa, wace waƙar fim kuka yi wa baitin Hausa a unguwarku?