Ƙasusuwan Kan Iyaka

Tun jirgin ƙasa bai iso Gusau ba, wani rani na yi niyyar gina ɗakin kaina a Bungudu. Na tafi haƙar ƙasar gini a fakon da ke tsakanin gonarmu da ta maƙwabcinmu. Ramin bai kai ƙuguna ba dagina ya daki wani abu. Na tona da hannu, sai ga ƙoƙon kan mutum, ga wani a gefensa, ga wani ƙarƙashinsu.

Baba ya zo ya leƙa, ya gyara zaman hularsa.

"Kakanninmu ne," in ji shi. "Mayaƙa. Nan sunka tare rundunar da ta taso daga Tsafe."

Ban taɓa jin wannan yaƙi ba. Iya sanina kakanninmu gishiri suke sayarwa. Kafin azahar maƙwabcin namu ya iso, tsoho ne mai taurin kai, ya rantse kakanninsa ne. Ya ɗaga wani muƙamuƙi ya jera da fuskarsa.

"Ku dubi haƙoran ga. Irin na gidanmu ne sak!"

Shi kuwa babu ko ɗaya a bakinsa.

Da gardama ta yi tsanani aka kira liman, ya sa muka share ƙasar a hankali. Ba mu ga kan kibiya ba, ba mu ga ƙashin da takobi ya sara ba. Mutanen a jibge suke kan juna, wani rub da ciki, babu wanda aka fuskantar da shi alƙibla. Akwai ƙananan yara, akwai mata da mundayensu a hannu.

Goggona, wadda ta yi wankan gawa a shekarar murar nan da ta ɗebi mutane, ta daɗe tana kallo.

"Wa ka zuwa yaƙi da jinjiri?" ta ce. "Da yaƙi ne, da an kwashe mundayen. Tsoron taɓa su anka yi. Mu ma haka munka yi ta zubawa da gaggawa. Annoba ce."

Maƙwabcin ya saki muƙamuƙin, ya shiga goge hannu a riga. Baba ya ja da baya.

"Malam, gaskiyarka. Haƙoran naku ne."

"A'a, kai ka fara ganin su!"

Nan take kowa ya tuna cewa fakon na ɗayan ne tun kaka da kakanni. Liman ya gaji, ya sa muka mayar da ƙasa, aka yi musu addu'a.

Ni da na taɓa su, Baba ya kulle ni a zaure, ya turara mini barkono a kasko don korar cutar. Na yi ta tari har hawaye. Yana ji daga waje ya ce to, ta kama ni, a ƙara barkono. Haka muka yi kwanaki, ina tari yana ƙarawa, har Inna ta rasa na miya ta zo ta kwashe kaskon da kanta.