Sun Ce Masa Bawan Fir'auna, Yau Suna Neman Hotonsa

Shekara tara ke nan da rasuwar Baba, Isuhu magini, mutumin wani gari a ƙasar Gidan Sori da ba zan kama sunansa ba, don mutanen kirkin cikinsa ba su yi mini laifin komai ba. Duk shekara in lokacin ya zagayo, abin da nake yi bai wuce in tuƙa tuwon sadaka, in kira ƙannena a salula mu yi masa addu'a ba. Ban taɓa tunanin kai shi jarida ba. Abin da ya sa bana na ɗauki alƙalami, wata sanarwa ce da na ji a rediyo ina shirin tafiya lakol inda nake koyarwa. Wai ƙungiyar 'yan asalin garinmu mazauna birni tana gayyatar baƙi na kusa da na nesa su zo su ga gidan tarihin da ta gina, wanda ta sa wa sunan "babban masanin gine-ginen Masar, marigayi Injiniya Isuhu". Sai da na nemi wuri na zauna. Baba bai taɓa shiga ajin boko ba, kuma sunan da mutanen nan suka kira shi da shi har ya koma ga Allah ba Injiniya ba ne. Bawan Fir'auna suke ce masa.

Ina 'yar ƙarama ya tafi Libiya ci-rani kamar sauran tsaransa. Da aiki ya tsaya masa, wani Bamasare da suka yi gini tare ya ja shi garinsu, Luksor, a bakin kogin Nilu, inda manyan gidajen bauta na zamanin Fir'auna suke tsaye har yau. Ya fara da ɗaukar kwandon ƙasa a wurin masu tonon kayan tarihi. Wata rana shugaban leburori ya gan shi tsugune gaban wata tsohuwar katangar ƙasa da ake gardamar yadda za a tallafe ta, yana murza ƙasarta a tafin hannu yana sansanawa. Da 'yar Larabcin da ya tsinta ya gaya musu irin ƙasar da aka kwaɓa, da yawan ciyawar da aka sa, da inda ruwa ke shigarta. Daga ranar aka karɓe kwandon aka ba shi cokalin gini. A wannan aikin ya shekara goma sha ɗaya, yana leƙo gida jefi-jefi.

In yana ba mu labarin Masar, bai cika daɗewa kan ginshiƙan dutse da baƙi ke tururuwa su gani ba, ko da yake ya ce akwai wanda maza da yawa sai sun haɗa hannu kafin su zagaye shi. Hankalinsa yana bayan gidan bautar, inda ɗakunan ajiyar hatsi suke, na tubalin ƙasa zalla, masu rufin baka irin namu. Ya ce ya ciro guntun ciyawa daga tubalin da ya shekara dubbai, ya ga inda ɗan yatsan magini ya lotsa. Ya ce abin da ke cin ginin can ba tsufa ba ne, ruwa ne da ke hawowa daga ƙasa ɗauke da gishiri. In bango na shan iska, ruwan ya fita ya bushe. In aka toshe shi da siminti, ruwan ya rasa hanya, ya zauna ciki yana ci. Rabin shekarunsa a can, in ji shi, ya yi su ne yana ɓamɓare simintin da wasu masu gyara na da suka lafta da kyakkyawar niyya. Ya kuma ce dokar wurin aikinsu ita ce ba ka ƙara wa bango abin da ba nasa ba, ba ka kuma sa sabo ya yi ƙaryar shi tsoho ne.

Da ya dawo gaba ɗaya, gari ya zuba ido a ga mota ko injin niƙa. Abin da ya fito daga jakarsa cokulan gini ne, da ƙananan burushi, da hotuna cikin leda. A ɗaya daga cikin hotunan yana tsaye da hularsa a gindin wani mutum-mutumin dutse, kansa bai kai gwiwar abin ba. Wannan hoton ne ya zagaya gari hannu zuwa hannu har ya isa ga Alhaji Nomau, ɗan kasuwa mazaunin birni, shugaban ƙungiyar nan tun ranar da aka kafa ta zuwa yau. A wurin wani suna, gaban jama'a, ya ɗaga hoton ya ce wasu sun je gabas sun dawo da aikin hajji, wani kuwa ya je ya yi wa gumakan Fir'auna bauta. Aka yi dariya. Baba ya ce, "Alhaji, a inuwar dutsen nan nake shimfiɗa buzuna in yi salla, ni da 'ya'yan Musulmin da muke aiki tare. Bai taɓa tambayata komai ba, ni ma ban taɓa roƙonsa komai ba." Amsar ba ta zagaya gari ba. Sunan ne ya zagaya. Sai da ta kai akwai gidajen da suka daina kiransa yaɓe, akwai kuma wanda yake ja da baya in Baba ya shigo sahu kusa da shi.

A tsakiyar garinmu akwai wani soro. Kakannin da suka hauro daga kudu suka kafa garin su suka gina shi, nan fatake suke sauka, nan ake sasanta rigimar gona. Baka huɗu ne suka haɗu a tsakiyar rufinsa, azararsa ta yi baƙi ƙirin don daɗewa, kuma ko da rana ta take in ka shiga sai ka ji sanyi ya sauko maka har ƙafa. Tun dawowar Baba, duk bayan girbi sai ya jiƙa makuba, ɓawon ɗorawar nan da ake shafe gini da shi, ya kwaɓa ƙasa, ya bi soron yana toshe tsaga yana gyara indararo. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya ce masa sannu.

Sai ƙungiya ta waiwayi soron. An ce ana neman wuraren tarihi da za a nuna wa baƙi, kuma garin da ya nuna nasa zai iya samun furoje, wato aikin tallafi. Suka zo da kamyo cike da siminti, aka tara dattawa. Lokacin na riga na yi aure ina aiki a Cadawa, amma na zo hutu, ina cikin matan da suka tsaya daga bayan danga suna ji. Baba ya nemi izini ya miƙe. Ya yi musu bayanin ruwan ƙasa da gishiri a hankali, kamar yadda yake mana a gida. Ya ce su bar masa soron, ba ya son ko ruwan sha daga hannun kowa.

Alhaji Nomau ya bari har ya gama, sannan ya ce, "Isuhu, mu ci gaba muka zo da shi. Baƙo ba zai taso daga birni ya zo kallon laka ba. In kewar iyayen gidanka kake yi, hanyar Masar ba a rufe take ba."

Baba ya ce, "Damina huɗu na ba shi, Alhaji. In ya kai biyar, ka kira ni duk sunan da ka ga dama."

Ya karkaɗe rigarsa ya tafi gida. Na tarar da shi zaune yana goge cokulansa ɗaya bayan ɗaya. Aka lafta wa soron siminti ciki da waje, aka shafa farin fenti, aka yi taro da lasifika. Baba ya ga damina biyu a bayan haka. Ya daina bi ta tsakiyar gari, sai ya zagaya ta bayan masallaci ko da hakan ya ninka masa tafiya. Ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ya rasu ana yankan gero.

Soron ya faɗi a damina ta huɗu, da hantsi, bayan ruwan kwana biyu. Waɗanda suka gani sun ce simintin ya ɓare kamar ɓawon ƙwai, abin da ke ciki kuwa ya zama kunu. Inna Tabawa mai fura, wadda ta fake a ƙofar da ƙwaryarta, azara ta danne mata ƙafa, har yau da sanda take tafiya. 'Yan ƙungiya suka zo jaje cikin manyan riguna, suka ce ƙaddara ce, tsohon gini ne, kwanansa ya ƙare. Mutum ɗaya a cikinsu bai ambaci Baba ba. Azarar da ta fi kakanninsu daɗewa a garin, mata suka kwashe suka hura wuta da ita.

Bayan sanarwar rediyo na hau moto na je na ga gidan tarihin da idona. Bulon siminti ne da rufin kwano. An shafa masa fenti mai launin ƙasa, an kuma ɗauko mai zane ya zana tsaga a jikin bango don ya yi kama da tsoho. Ciki zafi kamar tanderu. A bakin ƙofa an gina 'yan daloli biyu na siminti, wai dalar Masar, tsawonsu bai wuce turmi ba, awaki sun riga sun mai da su wurin wasa. Baba bai taɓa ganin dalar Masar ba. Tana can arewa, shi yana kudu, kuma ranar da motarsu ta ratsa ta kusa da ita ya ce barci yake. Da sun taɓa zama sun saurare shi ko sau ɗaya, da sun san wannan.

Ina gidanmu wajen Inna mahaifiyata sai ga sallamar Alhaji Nomau. Ya tsufa, amma bakin nan yana nan yadda na san shi. Ya yi wa Baba addu'a mai tsawo, ya ce garin nan bai taɓa haifar irinsa ba. Sannan ya zo kan abin da ya kawo shi.

"Ɗiyata, cokulan nan nasa da hotuna muke so mu sa cikin gilashi, baƙi su gani. Musamman wannan da yake tsaye gindin mutum-mutumi."

Na ce, "Baba Alhaji, wanda ka ɗaga a wurin suna?"

Ya ce abin da ya wuce ya wuce, lokacin ba a waye ba. Na ce masa ni ban ga abin da ya canja ba, sai dai da can hoton ba shi da amfani a wurinsa, yanzu yana da shi. Na ce in ƙungiya na son girmama Baba, ta rubuta a allon ƙofa cewa ya hana, an ƙi ji, soron ya faɗi, kuma ta je ta nemi gafarar Inna Tabawa. In an yi haka, ni da kaina zan kawo hoton. Ya ce ai irin wannan magana ba ta baƙi ba ce. Ya tashi bai sha ruwan da aka kawo masa ba.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da ya ga wannan zamani. Wani lokaci ina ganin labaran Luksor a salula: an share baƙin hayaƙi daga rufin wani gidan bauta da auduga, taƙi ɗaya taƙi ɗaya, har launukan asali sun fito, an ja ruwan ƙasa daga gindin wani don kada gishiri ya cinye shi, an buɗe wa baƙi wani ɓangare da ya daɗe a rufe. Na san da zai karɓi salular ya matso da ita kusa da ido, ya ce in ƙara masa girman hoton ya ga hannun masu aikin. Game da na garinmu kuwa, ba na jin zai zagi kowa. Ba halinsa ba ne. Ni ce ban gaji wannan haƙurin ba. Mutanen da ba su iya riƙe abu ɗaya na gaskiya da kakanninsu suka bar musu ba, su ne yau suke kiran duniya ta zo ta ga jabunsa, suna kuma jingina shi da sunan wanda suka wulaƙanta. Ba na ma jin haushinsu kamar da. Ƙanƙanta suke yi mini a ido duk lokacin da na tuna su.

Abin da ya rage na Baba ba ya cikin wancan ɗakin kwano. Da muke raba kayansa, na tsinci wani littafi a ƙasan akwatinsa, an rubuta shi da ajami da fensir. Ashe kafin a lafta simintin ya auna soron kaf: faɗin kowane bango da taku da kamu, yadda aka ɗaure azarar kowane baka, inda aka ɗebo ƙasar, kwana nawa take ruɓa kafin a ɗora ta. Na rasa abin yi da shi har bara, da Malam Rabe, wani magini mai furfura daga wajen Sae Sabuwa da suka yi aiki tare da Baba, ya zo gaishe da Inna. Na nuna masa. Ya karanta shafi biyu, ya rufe, ya share ido da bakin rawaninsa, ya roƙi aro.

Da rani ya aiko in zo. Wani manomi ne ya ba shi aikin zaure, ya gina shi bisa awon littafin, ƙarami dai, amma da baka huɗu. Ba allo a ƙofa, ba sunan kowa. Na tarar da mai gidan da maƙwabtansa zaune ciki suna ɓarar wake. Malam Rabe ya nuna mini bakan gabas ya ce ya ɗan karkace, da Isuhu na nan da ya sa shi ya rushe ya sake. Na ɗaga kai na duba. Gaskiyarsa, ya karkace. Na ce masa to ya rushe ya sake mana. Ya yi dariya, ya ce ai ya riga ya jiƙa ƙasar.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa kabarinsa ya fi kowane ɗaki da ya gina sanyi.