Shahon da Aka Hana Tafiya

Wanda bai taɓa yin hunturu a Alƙahira ba yana ɗauka Masar rana ce kawai da rairayi. Mu da muka tashi a bene na ƙarshe a unguwar Ainu Shams mun san ba haka ba ne. Sanyi ta ƙasan ɗaki yake fitowa, ya bi tafin ƙafa ya hau har haƙori. Da an sallame Magariba, kakata takan hura gawayi a kasko a saman rufi, sai hayaƙi ya ƙare a shigo da shi falo, a tura dankali cikin toka, ni da ƙannena mu kewaye ta. Haboba muke ce mata, yadda ake kiran kaka a Sudan, don a can aka haife ta, a wani ƙauyen Hausawa a bakin Nilu.

Babana ɗanta ne na fari, kuma Haboba ta riƙe alkunyar ɗan fari yadda ta gada. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, ba ta kuma roƙonsa komai kai tsaye. In ganyen shayi take so ya taho da shi daga kasuwar Ataba, inda yake sayar da takalma, bango za ta kalla ta ce, "A gaya wa mai gidan nan ganye ya ƙare," alhali ga shi a gefenta. Mu yara abin dariya muka ɗauke shi.

Shekarar da ciwon ƙirjinta ya tsananta, ta fara maganar komawa gida. Mahaifiyata ta kai saƙo, Baba ya ce a'a, likita yana nan, can kuwa ko asibiti babu. Ya ce halas, magana ta ƙare, kada a sake tayar da zancen. Sai wata yamma, yana gefe yana jan carbi, Haboba ta gyara mayafinta, ta buɗe mana tatsuniya.

"Ga ta nan tafe, ku matsa mata wuri."

Muka ce, "Ta shigo, Haboba, akwai wuta."

Ta ce a hamada akwai mutanen da ke farauta da shaho. In sanyi ya kawo kai, sai su ɗaura wa tattabara zarge a baya su sake ta. Shaho na kawo mata sura, ƙafarsa ta sarƙe. Su sa masa hular fata ta rufe idonsa, su yi ta yawo da shi a hannu har ya saba da muryarsu. Duk tsawon sanyi shi ke kamo musu zomo da tuje. Amma al'adarsu, da iska ta fara ɗumi, sai su ƙosar da shi da nama, su kwance igiyar ƙafarsa, su sake shi ya koma inda ya fito.

To, wani mafarauci ya samu shahon da ba a taɓa ganin irinsa ba. Da lokaci ya yi, kowa ya saki nasa, shi ya kasa. Ya ce a hanya akwai yunwa, akwai gaggafa, wa zai kula da shi? Ya ɗaure shi a inuwa, yana ba shi hanta da ruwan sanyi. Shaho bai rasa komai ba. Da sanyi ya dawo, ya fita da shi, zomo ya tashi, ya cire masa hula. Sai shaho ya diro ƙasa ya bi zomo da ƙafa kamar kaza.

Muka kwashe da dariya. Ƙanena ya ce, "Amma mutumin nan mugu ne."

"Ba mugu ba ne, ɗan nan," in ji ta, idonta a kan gawayi. "Sonsa yake yi. Da ƙinsa yake yi, ai da abin ya zo da sauƙi."

Baba ya miƙe ya hau rufi, ko bargo bai ɗauka ba.

Da sanyi ya wuce, shi da kansa ya kama hannunta muka shiga jirgin ƙasa har Aswan. A bakin jirgin ruwa ma ba ta kalle shi ba. Ni ta jawo ta ce, "Ki gaya wa mai gidanku Allah ya yi masa albarka." Ran nan na fara ganin hawayen babana. Damina ɗaya ta yi a ƙauyensu, ta rasu cikin danginta, suka binne ta kusa da kakana.

Na daɗe ina jin haushin tatsuniyar nan, don ita ta raba ni da Haboba. Sai da na girma na gane cewa tsohuwar ba ta da wata hanyar yi wa ɗanta magana, kuma ta zaɓi wadda ba za ta kunyata shi a gaban 'ya'yansa ba. Ta nuna masa kuskurensa, ta kuma wanke shi daga laifi.

Yanzu Baba ya tsufa, a gidana yake, ni ke ba shi magani. Shi bai iya tatsuniya ba. Sanyin bana, ina dama masa kunu, ya tambaye ni ko an buɗe hanyar kudu ta zuwa Sudan, yana so ya ga kabarin mahaifiyarsa tun yana da sauran ƙafa. Na ce masa ma'alish, yi haƙuri Baba, ƙasar ba lafiya, jikinka ma ba lafiya. Duka gaskiya ne. Ya gyaɗa kai ya karɓi kununsa. Na san amsar da ta dace, tun ina yarinya aka koya mini ita, amma har yau bakina ya ƙi buɗewa.