Ganyen Lemon da Ba Lemo Ba

Ranar wata Asabar ce a tsakiyar watan Yuni, shekarar da na cika tara, da hantsi. Ina tsaye a kan wani tsohon bokitin fenti da na kife a bayan gidanmu na unguwar Levenshulme a Manchester ta Ingila, almakashin kicin a hannuna, ina yanko rassan wani ɗan itace da ya jingina da katangar katako. Duk reshen da na jawo sai fararen furanni su zubo mini a ka, ƙamshinsu ya cika mini hanci har ya nemi ya hau mini kai. Tagar ɗakin Umma da ke sama a buɗe take, kuma daga inda nake ina jin gadonta yana ƙara saboda rawar sanyin da take yi cikin bargo biyu, a ranar da yaran layinmu ke yawo da gajeren wando suna shan ƙanƙara. Kwananta goma sha ɗaya da haihuwar ƙanena Sadiku. Ganyen da nake yanka shi ne maganinta, in ji kakata Hajiya, mahaifiyar Umma, wadda ta taso takanas daga Zariya don ta yi mata wankan jego.

Gidan haya ne, irin na jan bulon nan da ke manne da juna tun daga farkon layi har ƙarshensa. Baba yana karatun digirinsa na uku a fannin injiniya, kuma in ban da a tuwo, bai san bambancin dawa da gero ba. Bayan gidan bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba, amma a nan na yi rabin ƙuruciyata. A nan nake shanya, in kwaso da gudu in ruwa ya tsuge, in sake shanyawa in ya ɗauke, wani lokaci sau uku a yini ɗaya. A nan nake zana gala-gala da allin da nake ɗebowa daga makaranta, in yi tsallena ni kaɗai, in yi cuta, in kuma yafe wa kaina. Shekara biyu muna gidan ba wanda ya taɓa tambayar sunan itacen nan. Da sanyi ƙirare ne zalla, ba ganye ko ɗaya, ni ma safa kawai nake rataya masa.

Hajiya ta sauka da daddawa da kuka da kanwa da yaji, amma ba ta zo da ganye ba, don Baba ya ce za a ƙwace a filin jirgi. Sati biyu tana mita. Wace irin ƙasa ce wannan, ba darbejiya, ba tsamiya, ba runhu, da me ake yi wa mai jego wanka? A unguwarsu ita ce ake tasa in haihuwa ta zo, kuma ba ta gajiya da faɗa mana cewa ba mai jegon da ta taɓa lalacewa a hannunta. Ni da ita kuwa ba ma shiri sosai. Hausata a karye take a lokacin, in na buɗe baki sai ta riƙe haɓa ta ce, "Wannan Baturiyar daga ina kuka samo ta?" Rannan da safe ta fito shan iska, itacen ya wayi gari fari fat da fure. Ta tsaya cak, ta ja numfashi, ta ce, "Lemo! Ashe da lemo a gidan nan kuka bar ni ina ta cigiya?" Idonta na dama yana da yana, na hagun ma sai a hankali, amma da hancinta take alfahari. Da ta shafa ganyen ta ji shi laushi, ba kauri ba santsi, sai ta ce lemon Turawa ne, sanyi ne ya sa shi haka, ai albasarsu ma ba ta sa mutum hawaye.

Daga ranar itacen ya haɗa mu. Ta naɗa ni Sarkin Lambu, ta koya mini zuba masa ruwan wankin shinkafa da binne masa ɓawon ƙwai, ta ce in furen ya kaɗe 'ya'ya za su fito, kuma na farko nawa ne. Da aka haifi Sadiku ni ce mai yanko ganye safe da yamma. Hajiya ta ɗora babbar tukunyar da muke dafa shinkafar Sallah, ruwa ya tafasa har na'urar hayaƙi ta kama ihu, mu juye a bokiti mu hau da shi bene daki-daki. Abu ɗaya na lura da shi: in ta tsoma ganyen ta fyaɗa, ruwan yana kumfa kamar an saka sabulu. Ita ma ta gani, ta ce ruwan ƙasar ne. Ma'aikaciyar asibiti ta zo gida ta duba Umma da jariri ta ce lafiya lau, aka yi suna, baƙi suka watse, ranar Alhamis Baba ya tafi Birmingham kan aikin bincikensa, sai Litinin zai dawo.

Da yammacin Alhamis ɗin zazzaɓi ya rufe Umma. Na ji ta ce, "Hajiya, ko in kira GP, likitan unguwa?" Hajiya ta ce zazzaɓin jego ne, kowace mace tana yinsa, ganyen lemo za a dafa ta sha ta yi sirace, kafin kwana uku ta miƙe. Umma mai digiri biyu ce, amma a gaban mahaifiyarta ba ta fi ni girma ba. Ta karɓi kofin. In Baba ya bugo waya ya tambayi jiki, sai ta ce da sauƙi, yadda kowane Bahaushe ke cewa ko da ana haƙa masa kabari.

To, a ranar Asabar ɗin nan ina kan bokiti sai na ji an yi tari ta bayan katanga. Maƙwabciyarmu ce, wata tsohuwar Baturiya da ke zaune ita da kyanwoyinta uku, wadda Hajiya ta raɗa wa suna Mai Mage. Ta ce in zan yanka in bari furen ya gama tukuna, sannan in rage rassan da suka yi fure, in cire tsofaffin daga tushe, baɗi zai fi haka kyau. Na ce mata cikin alfahari ai lemonmu ne, mun kusa fara sha. Ta yi dariya har ta dafa katanga. "Oh no, love, it's a mock orange," in ji ta, wato lemon ƙarya. Mijinta ne ya dasa shi don mutanen da suka riga mu zama, daga reshen na gidansu, kuma tun da yake bai taɓa yin abin da ya wuce wasu busassun ƙwanso ba. Ta sa na ƙirga kunnuwan furen, huɗu ne, na lemo yawanci biyar. Ta nuna mini ganyen suna fitowa biyu-biyu suna kallon juna, na lemo kuwa ɗaya-ɗaya. Ta ce in laluba ko zan ji ƙaya, babu. Ta ɓare mini ɓawon wani tsohon reshe, ya saluɓe ja-ja kamar takarda. Daga ƙarshe ta ce in murza ganye in shinshina. Na murza. Warin ɗanyen kokwamba na ji, ko alamar lemo babu. Sai ta dubi tulin rassan da ke ƙasa ta tambaye ni me muke yi da su haka da yawa. Na ce kakata ce ke son ƙamshin.

Har yau ina tambayar kaina abin da ya rufe mini baki. Tsoro na ciki, don a gidanmu yaro ba ya gyara wa babba magana, balle yarinyar da ba ta iya jera Hausa ba ta ce wa Hajiya ba ta san ganye ba. Amma gaskiyar da ta fi ciwo ita ce ba na son in rasa sarautata. In ba lemo, ba Sarkin Lambu, na koma Baturiyar da aka samo. Na kwashi rassan na kai kicin. Na tsaya ina kallon tukunya tana tafasa, kumfa tana taruwa a bakinta. Da la'asar ni na hau da kofin. Ɗakin ya yi wani irin wari da ƙamshin furen da Hajiya ta jera a taga bai iya danne shi ba. Hannun Umma da ya taɓa nawa zafi rau, leɓenta ya bushe ya yi fari, ta sha rabi ta ce, "Allah ya yi miki albarka, Nana." Na sauko na zauna a matakala ina jin Hajiya tana cewa gobe kwana uku, gobe za ta miƙe.

Da safiyar Lahadi Sadiku ya yi ta tsala kuka a gefenta, Umma ba ta ko juya ba. Idonta a buɗe, tana magana da wata ƙawarta ta makarantar kwana da ta daɗe da rasuwa. Hajiya ta miƙo mini almakashi ta ce in yi sauri. Ban karɓa ba. Na ce, "Hajiya, ba lemo ba ne. Mai Mage ta ce it's not, ba ya yin 'ya'ya, ba shi da ƙaya." Ta dube ni, ta sauka da kanta ba takalmi, na bi ta. Wannan karon ba ta kula furen ba. Ta tura hannu cikin rassan tana laluben ƙaya har gwiwar hannu, ta tsinko ganye ta murza ta kai hanci, ta karya reshe ta ga cikinsa fari fes kamar totuwar kara. Sannan ta ce, "Tun yaushe kika sani?" Na ce tun jiya da safe. Ta ce, "Kira masu asibiti. Ke kika iya bakinsu." Na buga lambar gaggawa. Da masu motar asibiti suke saukowa da Umma, na ji Hajiya tana kiran "Rabi! Rabi!" da ƙarfi. Ban taɓa jin sunan a bakinta ba, don Umma 'yar fari ce, kunya ba ta barin ta faɗa.

Kwana tara Umma ta yi a asibiti, uku daga ciki ba ta san inda take ba. Likitoci suka ce wa Baba cuta ce ta shiga mahaifa ta wuce cikin jini. Ganyen ba shi ya kawo ta ba, kuma bai yi mata wata illa ta a zo a gani ba, illarsa ita ce an zauna ana jiransa. Suka ce da an ƙara yini ɗaya, da wani zancen ake yi. Baba ya dawo gida ya aro zarto zai sare itacen, Hajiya ta tare shi a ƙofar baya ta ce, "Bar shi. Shi bai ce shi lemo ne ba, ni na ce." Ta zayyana masa komai daga Alhamis zuwa Lahadi ina tsaye a wurin, ta ce ita ta hana a kira likita, ita ta dafa, ita ta bayar. Da ta zo kan Asabar sai ta tsallake. Ta ce yarinyar nan ce ta gano da safiyar Lahadi, a gode mata. Baba ya shafa kaina. Hajiya ta ƙarasa arba'in da mu ba ta ƙara ɗora tukunyar wanka ba, kuma da ta koma Zariya aka ce in an zo kiranta haihuwa sai ta ce ido ya tafi, a nemi wata.

Yanzu ina unguwar Sparkhill a Birmingham da nawa iyalin. Da na haifi 'yata ta fari Umma ce ta zo daga Manchester, da ma'aunin zafin jiki a jaka, tana auna ni safe da yamma har na gaji. Ba tukunya, ba ganye, ba wanda ya cika gida da tururi da mita. Yarana in suka ga tsiron da ba su sani ba waya suke nuna masa ta faɗa musu sunansa, kuma in na yi kuskure gyara mini suke yi tun kafin in rufe baki. Na san hakan ya fi lafiya, amma ina kewar matar da ta yarda da hancinta, kewa mai tsanani. Hajiya ta rasu ina jami'a, ba mu taɓa tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Umma takan ba da labarin a cikin mata tana dariya, ta ce ƙauyancin Hajiya ya kusa kai ta lahira a kwana uku, Nana ce ta cece ta. Nakan yi murmushi in tashi in shiga kicin. A cikin kwana ukun nan, ɗaya nawa ne.