Unguwar da Babu Tsoho

A shekarun farko na shari'ar Musulunci a jiharmu ina koyarwa a wata firamare a Daura, ban daɗe da aure ba. Ƙanena kuwa tuni ya tafi Kano, yana gyaran babura a wata sabuwar unguwa can bayan gari. Da matarsa ta haihu, ciwon ƙafa ya hana mahaifinmu tafiya, sai ya ce in je in tsaya a madadinsa ranar suna.

Unguwar duk bulo ne ko yaɓe ba a yi ba, babu bishiyar da ta kai a zauna a inuwarta. Da safe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maƙwabta suka yi ta zuwa. Na nemi gefe na zauna kamar yadda na saba a gida, ina jiran dattawa su iso. Can sai ƙanena ya sunkuyo kusa da kunnena.

"Yaya, kai ake jira."

"Ake jira in yi me?"

"Ka matso gaba ka faɗi sunan. Kai ne babba."

Na ɗaga kai na bi fuskokin da kallo. Direbobi ne da teloli da masu ɗaukar kaya a kasuwa, babu mai furfura ko ɗaya. Limamin ma da ƙyar gemunsa ya haɗe. Ni da ko a gidanmu ba a ba ni rabon goro, ranar ni na faɗi sunan jaririya.

Bayan an watse na tambayi wani tela da ya zauna kusa da ni ina tsofaffinsu. Ya dube ni da mamaki, ya ce, "Malam, ai suna gida." Nasa suna Baure, na maƙwabcinsa suna wajen Zango, wani nasa suna ƙetaren iyaka. Ya ce tun da ya tare a nan bai taɓa ganin an fita da gawar babba ba, sai dai ta yara. Wanda ciwo ya yi wa tsanani, mota ake sa shi a mayar da shi garinsu.

Maganar ta biyo ni har Daura. Na fara lura da abin da na shekara ina gani ban kula ba. A masallacin layinmu sahu biyu na gaba duk masu sanda ne, na uku kuma ba ya cika sai da hutun Sallah. Ranar da wani maƙwabcinmu ya rasu, sai da aka aika wata unguwa neman samarin da za su haƙa kabari.

Na kai wa mahaifinmu labari yana zaune a zaure, ya miƙe ƙafar a kan matashi. Na zaci zai yi mamaki, sai kawai ya yi murmushi.

"Kai ka ɗauka da furfura muka zo nan?"

Ya ce lokacin da suka yanki filayen nan, gonar gero ce. Su bakwai ne, duk ba su wuce shekaruna ba, kowa ya baro iyayensa a ƙauye. In an yi haihuwa sai a ɗauki keke a shiga cikin gari wajen rijiyar Kusugu a roƙo wani malami ya zo ya yi addu'a. Ya lissafa mini su da hannu, gida gida. Su ne dai mutanen sahun gaba, waɗanda na taso ina durƙusa musu. Ban taɓa kawo wa raina cewa sun yi ƙuruciya a kan wannan layin ba.

Na ce, "To Baba, in kun tafi wa zai zauna?"

Ya ce, "Gida ba ya rasa mai shiga. Sai dai ba lallai naka ba ne."

Bayan rasuwarsa na ga hakan da idona. Magadan dattawan layin suna Kano da Abuja, suka zuba 'yan haya, yawancinsu matasan ma'aurata daga ƙauyukan masarauta, masu acaba da ƙananan ma'aikata. Layin da a da tarin tsofaffi kawai ake ji da hantsi ya koma sai ka yi hattara da ƙwallo. Ajina ya cika har wasu suna zama a bakin taga.

Zuwana Kano na baya-bayan nan da ƙyar na gane unguwar ƙanena. Ta shige tsakiyar gari, dogon yaro ya rufe tituna. Telan nan yana nan, ya sa tabarau, sai ya nemi wanda zai zura masa zare a allura. An buɗe kantin magani har biyu a layin, an kuma kewaye musu maƙabarta. Ƙanena ya daina kwanciya ƙarƙashin babur, baki kawai yake sawa. Ya yi ta yi mini ƙorafin cewa haya ta yi tsada a nan, samari ba sa iya zama, duk sun yi gaba.

Na tambaye shi ko yana da niyyar komowa Daura.

Ya goge hannu da tsumma. "Ina so, Yaya. Amma uwar yara ta ce asibitinta yana nan, ƙawayenta suna nan. Ni ma in na koma, wa na sani ban da kai?"

Muka ci tuwo, ya raka ni tasha a ƙafa, muna tafe yana tsayawa gaisawa da mutane a kusan kowace ƙofa, har motar farko ta cika ta bar ni.